Me Ya Sa Tsoro Ke Gushewa Idan Fatalwa Ta Bayyana?

Tambaya: Ina son littattafan ban tsoro, amma da zarar fatalwa ta fito fili sai tsoron ya gushe mini. Laifin wa ne?
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, laifin marubuci ne. Jira ne ke sa gaba faɗuwa. Gwani yakan fara da ƙaramin abu: ƙofar da aka kulle da dare a wayi gari tana buɗe, ko takun sawu da ke tsayawa duk lokacin da jarumar ta tsaya. Sai ya ja rai, ya gajarta jimloli idan abin ya matso. Kuskuren da aka fi yi shi ne siffanta fatalwar daga kai har ƙafa tun babin farko. Yawan zubar da jini kuwa ƙyama yake jawowa, mai karatu ya ajiye littafin.