Bishiyar da ta mutu kafin ta tsorata kowa

Tambaya: Malam, ni ke jan wasan Dungeons & Dragons ga abokaina huɗu duk Asabar, wato wasan da nake ba da labari su kuma su zama jaruman cikinsa. Na shirya musu muguwar bishiya mai gadin daji, treant, sai boka cikinsu ya yi ta jifanta da wuta, kafin a ce kwabo ta zama toka suna ta dariya. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, tun wurin zaɓen dodo aka samu matsala. Treant ba mugu ba ne. A littafin dodannin wasan na 2014 yana sahun masu kirki, tsoho ne mai kishin dajinsa. Asalinsa ma Ent ne, bishiya mai tafiya da magana a littattafan marubuci Tolkien, da wannan sunan ya shigo wasan a 1974, sai da masu haƙƙin mallaka suka taso aka sauya. Makin ransa, wato yawan ɓarnar da zai ɗauka kafin ya mutu, 138 ne, amma wuta na yi masa ɓarna ninki biyu. Dunƙulen wutar boka yakan ci maki 28 a matsakaici, a jikinsa ya zama 56. Jifa uku, an gama. Ba laifin abokanka ba ne, lissafi suka iya.

Mugayen da kake nema su ne blight, wasu tsirrai masu tafiya da kai hari, kuma labarinsu ya fi ƙarfinsu daɗi. A wasan The Sunless Citadel na 2000, an kashe wani mashayin jini mai suna Gulthias da turken itace a ƙirji. Turken ya sha jininsa, ya yi saiwa, ya zama bishiya a can ƙarƙashin ƙasa. Sau biyu take 'ya'ya a shekara: jan tuffa mai warkarwa a tsakiyar zafi, fari mai dafi a tsakiyar sanyi. Mutanen ƙauyen Oakhurst sukan sayi jan, su shuka ƙwayarsa. Tsiro ya fito, ya ɗan tasa, wata safiya a wayi gari babu shi. Su a zatonsu sata ake yi. Ashe tsiron ne ke tuge kansa ya kama hanya, shi ne blight ɗin.

Ka ga inda tsoron yake? Ƙaramin blight na ƙirare makin ransa 4 ne kacal a littafin na 2014, sara ɗaya ya ishe shi. Amma in ya tsaya cik, dokar wasa ta ce ba a bambanta shi da busasshen ƙaramin itace. To ka bar 'yan wasa su yada zango. Ka ce wa mai gadin dare ya ƙirga kututture uku a bakin wuta. Can an jima ka ce masa yanzu biyar ne, ɗaya kuma yana dab da kan wanda ke barci. Kada ka sa a jefa ɗan lido tukuna. Yi shiru ka bar shi ya tambaya. Wanda ya taɓa ratsawa gindin tsamiya da dare yana waiwaye ba sai an koya masa wannan ba.

Batun wuta kuwa, kada ka hana su, ka sa mata farashi. Ka ce musu rani ne, ganye ya bushe, iska na kaɗawa wajen ƙauye. Ko kuwa yaron da suka zo ceto yana ɗaure a jikin bishiyar, ɓawo ya fara rufe ƙafafunsa.

In har kana son treant ɗinka, ka yi amfani da abin da ke hannunsa. Sau ɗaya a rana yana iya tayar da bishiya ɗaya ko biyu da ke cikin tazarar ƙafa 60, su yi faɗa kamarsa. Bari boka ya ƙarar da wutarsa a kansu, treant ɗin yana tsaye a bayansu bai ko motsa ba. Yana kuma yi wa gini ɓarna ninki biyu, saboda haka bukkar da za su gudu su ɓuya a ciki ba za ta kai su asuba ba.