Kajinki ba kambun baka ya kashe su ba

'Yata, saƙonki ya iso, Allah ya mayar da alheri. Kin ce kin buɗe akurki da safe kin tarar da kaji shida a sheme, alhali jiya lafiya lau suka ci tsaba, kuma surukarki ta ce bakin mutane ne, ko kuwa wani sharri ne ya nufo gidan, kajin suka tare shi. Kina tambaya haka abin yake a al'ada?

Haka muka taso muka ji. Kakarki in kaza ta faɗi, cewa take "ta fanshe mu," ta yi sadakar gero. Ban raina sadaka ba, ki yi. Amma shekaruna fiye da arba'in ina kiwo, kuma na lura wannan mutuwa ta san lokacinta: hunturu take bi, in iska ta taso da ƙura. Bakin mutum ai ba ya jiran sanyi.

Tambayar da zan yi miki ita ce: wace baƙuwa ce ta shigo gidan cikin makon nan ko na jiya? Kazar kasuwa, ko zakaran da aka kawo miki na biki? Mutane in sun ga kajinsu sun fara gyangyaɗi, kasuwa suke rugawa da su kafin su yi asara, wanda ya saya shi ya kwaso. Iyayenmu in sun sayo kaza sai su ɗaure mata ƙafa a gefe na 'yan kwanaki, wai don ta saba da gida. Wannan al'adar ce nake baƙin cikin an yar. Ko sun sani ko ba su sani ba, ware ta suke yi, in da ciwo a jikinta ya bayyana kafin ta sa baki a kaskon ruwan sauran. Ni yanzu mako biyu cur nake yi mata.

Dubi waɗanda suka rage. In kin ga koren kashi, fukafukai a zube, wuya ya murɗe, mai yiwuwa annobar nan ce da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Barkono da sassaƙen maɗaci da muke jiƙa musu, na sha gwadawa, ba su taɓa tsayar min da ita ba. Rigakafi ke tsayar da ita, irin wanda ake yi a Vom ta jihar Filato, a ɗiga a ido ko a sa a ruwan sha, ga lafiyayyu, kuma a riƙa maimaitawa.

Batun a yi maza a yanka mai magagi kada ta zama mushe, nan kam ki saurare ni. Da ido ba za ki bambance wannan da murar tsuntsaye ba, wadda ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, ita kuwa tana kama mutum. Kada yara su fige kazar, kada ta shiga tukunya. Matattun ma kada a jefa su bola, karnuka su ja su maƙwabta. A haƙa rami mai zurfi a binne, ki wanke hannu da sabulu, a sanar da malamin dabbobi na yankinku tunda mutuwar ta zo a tare.

Surukarki kuwa kada ki yi musu da ita. Ki ba ta geron ta yi sadakar da hannunta. Akurkin a share, a ƙone sharar, a bar shi wata guda ba kowa. In ya huta ki aiko, ina da dakwale biyu da na yi wa rigakafi.