Layin MPLS da aka haɗa mana a kulle yake?

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutocin wani kamfani a Sabon Gari, Zariya, muna da rassa a Samaru da Kano. An haɗa mana rassan da MPLS, wato tsarin da kamfanin sadarwa ke tura bayanai bisa lambar da ya manna musu, takardun duk cike da CE, PE, LSP da VRF. Wakilin kamfanin sadarwar ya ce tunda layin namu ne mu kaɗai, ba ma buƙatar IPsec, wato tsarin kulle bayanai da makulli don kada wani ya iya karanta su a hanya. Bayanan kuɗin mutane ke bi ta ciki, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da ya ƙi kwanciya. Rautarka (router), na'urar da ke tura bayananku daga ofis, ita ce CE. Wadda ta karɓe ka a bakin gidan kamfanin sadarwa ita ce PE, wasu takardun su ce LER. Ita ke duba adireshin IP, ta ga rukunin da fakitin (ƙunshin bayanan) ya faɗa, wato FEC, sannan ta manna masa lebul, wato lambar shaida. Na tsakiya, P ko LSR, ba ruwansu da adireshinka: su cire lebul, su maye da wani, su miƙa gaba. Hanyar daga PE zuwa PE ita ce LSP, kuma tafiya kaɗai take yi, dawowa da tata daban. A irin haɗinku lebul biyu ne a jere: na sama ya kai fakiti PE ta Kano, na ƙasa ya nuna VRF ɗinku, wato teburin hanyoyin da aka ware muku.

To, ga inda raina ke ɓaci kullum. Lebul bit 32 ne: 20 na lambar kanta, 3 na fifiko, 1 mai nuna lebul na ƙarshe, 8 na TTL mai ƙirga zangon da ya rage wa fakiti. Ƙirga da kanka, ina makulli a nan? Babu shi. MPLS raba hanya yake yi, ba ya kulle komai. Abin da ka tura a buɗe, a buɗe zai isa. Duk wanda hannunsa ya kai rautar P ya kwafi abin da ke wucewa, manhajar Wireshark za ta baje masa shi kamar kaya a kasuwar Sabon Gari. Ba ma sai mugu ba: injiniya mai gyangyaɗi ya kuskure lamba ɗaya a RT, alamar da ke nuna VRF ɗin da kowace hanya za ta shiga, hanyoyinku su malala cikin VRF na wani kamfani. Ga guntun layin da ke tsakanin ofishinka da PE, sau da yawa rediyo ne ko wayar wani da aka yi haya. Amma 'yan talla sun riƙe kalmar VPN, wato hanyar sadarwa ta keɓe, da ake kiran irin wannan haɗi da ita, suna ruɗin manajoji kamar a kulle yake, manaja ya sa hannu, ranar da abu ya fashe kai za a kira.

Ka ɗora IPsec daga CE zuwa CE, da IKEv2 na musayar makulli da AES-256 na kulle bayanan, makullan kuma su tsaya a hannunka. Sai ka kula da MTU, wato iyakar girman fakitin da layi ke ɗauka. Kowane lebul bayit 4 ne, biyu 8, don haka in an ɗora su kan fakitin 1500 da aka saba, cikin hanyar kamfanin sadarwar dole ya ɗauki aƙalla 1508. Sa su rubuta maka. IPsec ma zai ci nasa, saboda haka sa MTU na ramin IPsec ɗin (tunnel) 1400, MSS kuma, wato iyakar tsurar bayanan da fakiti ɗaya zai ɗauka, 1360. In ka manta, ping, ƙaramin saƙon gwajin layi, zai wuce lafiya, manyan fayiloli su maƙale. Kafin ka kunna ramin, gwada ping -f -l 1472 daga Windows zuwa reshen Kano, don ka tabbatar fakitin 1500 na wucewa ba a yanka shi ba.