Saukar da Cessna 172 cikin iskar gefe a kan titi mai ƙanƙara

Tambaya: Kyaftin, na fara koyon tuƙi a Zariya, yanzu ina ƙarasawa a Kanada da Cessna 172. Littafin jirgin ya ce iskar gefe not 15. Idan ba ta kai haka ba, zan iya sauka ko da titin yana da ƙanƙara?

Amsa: A'a, ƙanena, kada ka jingina da wannan lambar. Not 15 ɗin, wato kusan kilomita 28 a awa, ita ce iskar da ƙwararren matuƙin gwaji ya nuna an sauka a cikinta. Ba ta san hannunka ba, ba ta kuma san santsi ba.

Fara da lissafi. A ce za ka sauka a titi mai lamba 36, wato wanda ke fuskantar digiri 360 (arewa), hasumiyar filin jirgi ta ce iska daga digiri 030, not 20. Tazarar digiri 30 ce, rabin iskar ke bugun ka a gefe, not 10 ke nan. Ta karkata zuwa 060, ka kai 17, ka riga ka haura abin da littafi ya faɗa. In tana zuwa da fizga, daga 20 zuwa 30, ƙara rabin bambancin a kan gudun saukarka: not 65 ya koma 70.

Tun daga nesa ka karkata hancin jirgin cikin iska, ka zo da tafiyar kaguwa. Dab da ƙasa sai ka taka feda, wadda ke juya wutsiyar jirgi, ka miƙe hancin da layin tsakiya, ka sunkuyar da fiffiken da ke ɓangaren iska. Tayar wannan ɓangaren ce za ta fara taɓa ƙasa, ɗayar ta biyo, ta gaba a ƙarshe. A nan ɗalibai ke ba ni tsoro: taya na taɓawa sai su saki sitiyari, su sauke ajiyar zuciya. Iska kuwa ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi. Yayin da gudu ke raguwa, ci gaba da murɗa sitiyarin cikin iska har ya ƙure.

To ga inda ƙanƙara ke ɓata lissafi. A sama fiffike da wutsiya ke riƙe maka hanya, amma da gudu ya ragu, aikin ya koma kan taya. A busasshiyar kwalta taya na cizo. A kan ƙanƙara babu abin cizo, sai ka ga jirgi na sulalewa gefe, hanci na juyawa cikin iska, ka taka birki ya ƙara dagula lamarin. Shi ya sa filayen Kanada ke ba da ma'aunin santsi da ake kira CRFI. Ka neme shi kafin ka tashi, ka duba jadawalin iskar gefen da ke tare da shi. Ni dai ɗalibina ba zai sauka a titi mai sheƙin ƙanƙara da iskar gefe sama da not 5 ba.

Hunturun Zariya ƙura ce mai rufe ido, na Kanada kuwa yana kama jikin jirgin kansa. Raɓar da ta daskare a fiffike, ko da kaurinta bai wuce sanfefa ba, tana rage ƙarfin ɗagawa sosai. Cire tata duka, ka shafa da tafin hannu ka ji sumul kafin ka tayar da inji.

Idan ka taka feda har ta ƙure kuma hancin bai miƙe da titi ba, ba shi wuta gaba ɗaya ka koma sama. Ka tashi da isasshen mai da zai kai ka wani filin da titinsa ke fuskantar iska.