Enzayim na ɗan Adam daga cikin bakteriya, anya kuwa?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin bayokemistiri. An kawo mana enzayim DHFR, wato furotin mai hanzarta sarrafa sinadarin folet a cikin ƙwayoyin halitta, a jikin kwalbar an ce na ɗan Adam ne, amma wai a cikin bakteriyar E. coli aka samar da shi. Yaya abin da ya fito daga bakteriya zai zama na mutum? Zan iya dogara da shi?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ƙanena. Bakteriyar ƙodago kawai ta yi. An ɗauko guntun DNA na mutum mai ɗauke da tsarin DHFR, aka dasa a cikin ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, aka cusa mata, ita kuma ta shiga jera amino asid yadda aka rubuta, kamar tela da aka ba awo. Cohen da Boyer ne suka buɗe wannan hanya a Amurka a 1973.

Da DHFR ka taki sa'a: ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar a liƙa masa sukari kafin ya yi aiki. Masu wannan buƙata su ne E. coli ke gazawa a kansu, kuma tPA, maganin narkar da gudan jini da aka amince da shi a 1987, wanda ke ɗauke da sukari a jikinsa, a ƙwayoyin halittar dabbar hamsta da ake kira CHO ake yin sa.

Amfaninsa kuwa a ƙofar gidanmu yake. Sinadarin firimetamin da ke cikin Fansidar DHFR ɗin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro yake toshewa. Duk mai neman sabon magani irinsa dole ya gwada a kan na mutum, ya tabbatar bai haɗa da na maigida, wato mara lafiyan, ba.

Sai dai ni rubutun kwalba ba ya burge ni. Layi ɗaya tas a kan jel ɗin da ake rarrabe furotin da shi tsabta yake nunawa, ba rai ba. Zuba masa NADPH da dihaidurofolet, sinadaran da yake aiki a kansu, ka sa ido a na'urar auna shan haske a nanomita 340. In lambar tana sauka, yana aiki. In ta tsaya cak, fara tuhumar firiza. Na taɓa asarar kwalba guda saboda an ɗauke wuta a ƙarshen mako, janareta ya ƙi tashi. Tun ranar, da ya iso nake rarraba shi a ƙananan bututu, in ajiye a sanyin digiri -80 na Salshiyas, kowane bututu narkewa ɗaya.