Amsar Kawu kan tambayar Littafi Mai Tsarki

Assalamu alaikum. To ɗana, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce abokin aikinka ya ba ka Littafi Mai Tsarki, kana tambaya ko maganar Allah ce. Ni dai abin da na jiyo, makami kake nema da za ka je ka ƙure shi ranar Litinin. Ba zan ba ka ba.

Namu ai ka sani. Attaura da Zabura da Injila Allah ne ya saukar, wanda ya musa wannan ya bar Musulunci. Ma'ida aya ta 46 ta ce akwai shiriya da haske a cikin Injila, Baƙara 79 kuma ta yi tir da masu rubuta littafi da hannunsu su ce daga Allah ne. Hadisin Buhari ya raba gardama: kada ku gaskata Ahlul Kitabi, kada ku ƙaryata su. To ni a nan na tsaya. Ba zan ce wannan na hannunka shi ne Injilar Annabi Isa, alaihis salamu, yadda ta sauka ba, ba kuma zan ce babu gaskiya a ciki ba. Shi ba ma littafi ɗaya ba ne, 66 ne a haɗe, na 'yan Katolika 73.

Amma bari ka ji abin da ya same ni. Ina koyarwa a Zariya, zamanin kaset ɗin Ahmed Deedat, mai wa'azin Musulunci, da Fasto Swaggart, muhawarar nan tasu kan Littafi Mai Tsarki ta 1986 a Amurka, haddace ta muka yi. Na shiga ofishin malamai da ƙarfina, na samu malamin lissafi, Kirista mutumin Wusasa, Bahaushe ne fa kamar ni da kai. Na buɗe masa wasiƙar Bulus ta biyu ga Timoti, 4:13, inda yake cewa a taho masa da alkyabbarsa da ya manta a garin Taruwasa. Na ce Malam, wannan ne wahayin? Saƙon alkyabba? Mutumin nan ya ajiye kofin shayinsa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wa ya gaya maka Jibrilu ne ya karanto masa? Ya koma baya kaɗan, 3:16, ya nuna min kalmar "hurarre". Wato su a wurinsu mutane ne suka rubuta da harshensu, ita wannan wasiƙar ma da Girkanci aka rubuta ta, Allah kuma ya hure su. Luka ma, marubucin ɗaya daga cikin Injilolinsu, tun farkon littafinsa ya ce bin diddigi ya yi kafin ya rubuta. Ashe ni da mudun Alƙur'ani na zo awo, shi kuwa mudunsa daban, ka gane?

Wallahi dariyar nan har yau tana min ciwo. A gaban ɗalibai masu koyon aiki fa! Af, Bulus ɗin ba ma mantawa ya yi da alkyabbar ba, "bari" aka rubuta, ya baro ta a wurin wani. Ni na ƙara mantuwar, a nan ma sai da ya kama ni.

To, cajina ya kusa ƙarewa. Littafin dai kada ka yasar da shi a ƙasa, akwai sunan Allah a ciki. Ka gaida min babarka, ka ce mata ina tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda.