Kwamfutar da na aika gida daga Amurka ta ƙi tashi

Wani ɗan'uwa da ke zaune a birnin New York ya rubuto cewa ya haɗa kwamfutar tebur da ya yi shekara biyar yana aiki da ita, ya sa ta cikin kayan da ya yi lodi a jirgin ruwa zuwa ga ƙanensa a Kano, domin yaron ya buɗe shagon buga takardu ya riƙa samun na kansa. Kaya sun iso, an jona kwamfutar, ko fitila ba ta kawo ba. An kai ta wurin mai gyara, ya ce babban allon cikinta, wanda duk sassanta ke jone a kansa, shi ne ya ƙone, sai dai a sayi wani. Yana tambaya ko ya tura kuɗin, ko kuwa ƙanen ne ya yi mata ganganci, ya kuma ambata a ƙarshen wasiƙar cewa bai goge abin da ke cikinta ba kafin ya aika.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan zumunci. Shawarata ita ce kada ka tura kuɗin tukuna, kada kuma ka ɗora wa ƙanenka laifi, domin zargina ya fi karkata ga wani ɗan maɓalli da ke bayan kwamfutar wanda da wuya ka taɓa lura da shi tsawon shekarun da ka yi da ita.

Wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Gana kuwa bolt 230, ta Nijar 220, wato kusan ninki biyu. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai akwatin ƙarfe mai fanka wanda wayar wuta ke shiga ta bayansa, masu gyara suna kiransa fawa fak, kuma shi ne ke karɓar wutar bango ya rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ciki ke buƙata. Da yawa daga cikin na zamani suna daidaita kansu, za a ga an rubuta 100 zuwa 240 a takardar da ke manne a jikinsu. Tsofaffi da masu arha kuwa suna da wani jan maɓalli da ake turawa gefe, ɓangare ɗaya 115, ɗayan 230. Kwamfutar da ta yi rayuwarta a Amurka tana kan 115, kuma idan aka jona ta haka nan a Kano, nan take za a ji tau, wani lokaci har da hayaƙi da warin ƙuna. Mafi yawan lokuta ɓarnar tana tsayawa ne a cikin fawa fak ɗin, allon da sauran kayan su tsira, ko da yake ba kullum ba. Haka kuma idan ka haɗa masa da doguwar soket mai kariya irin ta Amurka, ita ma don bolt 120 aka yi ta, kuma tana iya zama ita ce ta fara ƙonewa.

Saboda haka abu na farko shi ne ka kira ƙanenka, ka fara da gaya masa cewa idan wani abu ya ƙone to kuskurenka ne da ba ka gargaɗe shi ba, sannan ka tambaye shi ko ya ji ƙara ko wari a jonawar farko. Ina jaddada wannan tsari ne domin na san halin gidajenmu: ƙane ba ya iya buɗe baki ya ce wa yayansa kayan da ya yi wahalar aikowa daga wata duniya sun fashe a hannunsa, sai dai ya ce kawai ta ƙi kawowa. Amsarsa ita ce rabin binciken. Ka kuma sa ya ɗauko maka hoton bayan kwamfutar da na takardar jikin fawa fak ɗin ta WhatsApp.

Idan hoton ya nuna jan maɓallin a kan 115, to fawa fak ɗin ne abin zargi. Idan kuwa ya nuna 100 zuwa 240 kuma babu jan maɓalli, to sai a koma bincike daga bango zuwa ciki, mataki bayan mataki, kuma yawancinsa ƙanenka zai iya yi kana kallonsa ta bidiyo. Ya gwada soket ɗin da fanka ko dutsen guga, ba da cajar waya ba, domin caja tana aiki ko da wuta ta yi rauni ƙwarai, alhali kwamfuta ba za ta tashi da irin wannan wutar ba. Ya canza wayar wutar da ta monita, tunda galibi bakinsu iri ɗaya ne. Idan an yanke kan wayar Amurka an ɗaura mata fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, a duba ɗaurin, a kuma duba fiyus ɗin da ke cikin fulogin. Ya tabbata makunnin bayan kwamfutar, idan akwai shi, yana kan alamar sanda ba ta sifili ba. Daga nan ya zare wayar, ya danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa talatin, ya mayar ya sake gwadawa, ba tare da kibod ko firinta ko wani abu a jone ba.

Akwai bambanci da ya kamata ka fayyace da shi, domin mutane suna amfani da kalma ɗaya ga cuta biyu. Kwamfutar da ba fitila, ba motsin fanka, ba sauti ko kaɗan, matsalarta ta wuta ce. Wadda fankarta ke juyawa amma monita ya tsaya baƙi, ko take ƙarar tit-tit, ko fitilarta ke ƙiftawa, ta samu wuta, kuma a wadda ta sha tafiya irin taku abin zargi na farko shi ne ram, wato sandunan ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke kan allon. Kwamfutar nan ta yi makonni a kan teku cikin danshi, an sauke ta a tashar Legas, sannan ta yi tafiyar kusan kilomita dubu a bayan mota, kuma jijjigar da ba ta kai haka ba ma tana sassauta kaya daga mazauninsu. A zare wuta, a buɗe murfin gefe, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai, a cire sandunan ram a goge ƙura a mayar har maƙallan gefe su kama da kansu. A danna babbar wayar da ke shiga allon, mai baki 24, da ƙaramar mai baki 4 ko 8 da ke kusa da fankar tsakiya. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo a kan allon, lambarsa CR2032, bolt 3 ne, ba shi da tsada, kuma a kwamfutar da ta kai shekara biyar canza shi bai zama asara ba.

Abin da ba zan yarda ƙanenka ya yi ba shi ne kwance fawa fak ɗin kansa. Akwai sassa a cikinsa da ke riƙe wuta mai ƙarfi bayan an zare shi daga bango, kuma suna iya yi wa mutum mummunan lahani.

Game da mai gyara, ban ce ya yi ƙarya ba, domin allo yana ƙonewa da gaske, amma hukunci irin wannan yana buƙatar hujja, kuma hujjar ba ta cin fiye da minti goma. Ƙanenka ya roƙe shi cikin girmamawa ya jona wani fawa fak mai lafiya a gabansa. Idan kwamfutar ta tashi, magana ta ƙare, fawa fak kaɗai za a saya, kuma kuɗinsa bai kai na allo ba. Idan ba ta tashi ba, mai gyaran ya haɗa ƙusoshin nan biyu na allon da wayar maɓallin gaba ke shiga da bakin sukuddireba, domin wani lokaci maɓallin ne kawai ya lalace. Masu gyara suna kuma gwada fawa fak shi kaɗai ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa a babban bakin mai 24, su ga ko fankarsa za ta juya, sai dai juyawar fanka ba ta tabbatar da lafiyarsa sai an auna da mita. A lura cewa kwamfutocin ofis da yawa na Dell da HP da Lenovo suna da fawa fak na musamman mai baki daban, wannan gwajin bai dace da su ba, kuma wajen sayen wani dole a bi lambar da ke jikin tsohon. Wasu na Dell suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan fawa fak ɗin, wanda ke nuna lafiyarsa ba tare da an buɗe komai ba. Sai duk waɗannan sun gaza ne za a yi maganar allo, kuma a lokacin ma a nuna wa ƙanenka wurin da ya ƙone ko sassan da suka kumbura, a kuma ba shi tsohon ya tafi da shi.

Yanzu ga abin da ka ambata a ƙarshe kamar ƙaramar magana, wanda ni a wurina ya fi kwamfutar muhimmanci. Wanda ya yi shekara biyar a Amurka da kwamfuta ɗaya, da wuya a rasa hoton fasfonsa a cikinta, da katin zamansa, da takardun haraji masu ɗauke da lambarsa ta shaida ta gwamnatin Amurka, wato Social Security, da kalmomin sirri na banki da imel da ta ajiye masa. Mutuwar kwamfuta ba ta goge waɗannan, duk wanda ya cire faifan ajiyarta ya jona a wata zai iya karanta su, sai fa idan an kulle shi da BitLocker, wato manhajar Windows mai kulle faifai. Ƙanenka ya je gobe ya karɓo faifan ya ajiye a gida, domin babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da na lissafa da ke buƙatarsa. Kai kuma ka canza kalmomin sirrinka yau, ka fara da na imel. Idan faifan ya kwana biyu a hannun da ba ka sani ba, ka nemi kamfanonin da ke ajiye bayanan bashi a Amurka, wato Equifax da Experian da TransUnion, su daskarar da bayananka na bashi yadda ba wanda zai buɗe asusu da sunanka, abin da doka ta mayar kyauta tun 2018. Idan kuwa faifan a kulle yake, ka nemo mabuɗinsa mai lamba 48 a asusunka na Microsoft, domin canza allo yakan sa ya nemi wannan mabuɗin kafin ya buɗe.

Idan Allah ya sa ta tashi, ku kwashe abin da kake buƙata kuna kan bidiyo, sannan a goge faifan gaba ɗaya a ɗora Windows sabuwa kafin ta shiga shago, inda hannaye da yawa za su riƙa taɓa ta. Kuɗin da ka yi niyyar turawa na allo kuma, idan sun ragu, a sayi sitabilaiza ko UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, da su a can gida, irin na bolt 230, kuma ƙanenka ya saba da barin janareta ya daidaita kafin ya kunna kwamfutar. Idan akwai firinta mai lesa a cikin kayan da ka aika, kada a jona ta sai an karanta takardar bayanta, domin irin na Amurka galibi ba sa daidaita kansu, sai an haɗa su da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya kai nauyinsu.